Kasuwar Kurmi ta Kano da Masu Ciyad da Baƙinta

Marubutan tarihin Kano, in sun zo kan Kasuwar Kurmi, galibi a kan manyan hajoji su kan tsaya, watau turkuɗi da sauran baƙaƙen tufafi, da jar fata, da goron Gwanja, da gishirin Bilma, da kanwa, da bayi. Dalilinsu a fili ya ke, gama waɗannan kaya su ne suka kai sunan Kano har Tarabulus da Tambutu. Amma fa ayarin da ya kawo gishiri mutane ne suka koro shi, kowannensu kuwa sai ya ci ya sha kullum, tun ran da ya sauke kaya har ran da ya ɗaura ya juya gida. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saboda haka wannan takarda za ta bi labarin kasuwar ta wajen mahauta da masu tuya da masu dama fura, ta duba abin da masu ziyara suka tarar a gabansu zamani bayan zamani. Abin da a ke so a nuna shi ne, abincin kasuwa abincin baƙo ne. Ya kan yawaita sa'ad da hanyoyin fatauci suka buɗe, ya kan sake sa'ad da suka sake, don haka shi ma shaida ne a kan tarihin birnin, kamar yadda littattafai da ganuwa su ke shaida.

Asalin kasuwar

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Bisa ga lissafin da aka saba bi, Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Littafin ya lasafta abubuwa 12 da ya fara a Kano. A ciki akwai gina gidan sarauta wanda har yau a ke kira Gidan Rumfa, da faɗaɗa ganuwa, da naɗa Tara ta Kano, da kakaki da figini, da kulle, da kuma wannan kasuwa.

Ciniki dai ya riga Rumfa. Tarihin ya nuna a zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a lokacin nan kuma Dagaci, wani babban mutum da ya zo daga Barno, ya kafa tasa kasuwa a Karabka. A zamanin Yakubu, uban Rumfa, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa ta hannun Azbinawa, Barebari da Larabawa kuma suka yi ta shigowa. Aikin Rumfa shi ne ya tattara wannan ciniki wuri guda, ya sa shi ƙarƙashin idon sarauta. Wurin da ya zaɓa kuwa bakin Jakara ne, tsakanin tsofaffin unguwannin gindin Dala da sabon gidansa na kudu. Can da wurin kurmi ne mai duhu, Tarihin ya kira shi Kurmin Baƙin Ruwa, inda mutanen farko su ke tsafinsu, daga nan kasuwar ta sami suna. Ita kalmar kasuwa ma baƙuwa ce. J. H. Greenberg ya nuna a 1960 daga Barebari Hausawa suka aro ta, su kuwa tushenta daga Larabci suka samo shi.

Abin da ke cikin tukunya

Da Bakanon yau zai shiga kasuwar a shekarunta na fari, da ya nemi abubuwa da yawa ya rasa. Gyaɗa da barkono da masara da rogo da dankali da tumatir da gwanda duk tsirrai ne na nahiyar Amurka. Jiragen Turawa ba su isa can ba sai 1492, shekara 7 kafin rasuwar Rumfa, sa'an nan irin ya ɗauki zamani mai tsawo kafin ya ratso teku da hamada ya iso ƙasar Hausa. Ashe ke nan gasasshen naman wancan zamani ba shi da ƙuli-ƙuli, yajinsa kuma ba shi da barkono. Abin da a ke da shi shi ne gero da dawa da wake da gujiya da shinkafar ƙasa da riɗi, da kuka da kuɓewa da yakuwa, da daddawar kalwa, da tsamiya da zuma da nono. Man girki man shanu ne da na kaɗanya da na riɗi, zafin miya kuwa daga masoro da kimba da citta a ke samunsa. Sunan masara da kansa yana nuna waɗanda suka fara ganinta sun ɗauka daga Masar ta fito.

Akwai wani kashi na abincin kasuwar wanda sunayensa ke tona asalinsa. Alkama, gurasa, alkubus, alkaki, alewa, albasa, kanumfari, sukari, dukansu kalmomin Larabci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zauna ta wajen Dala, ba nisa da kasuwa, a unguwanni irin su Dandalin Turawa, gama su a ke kira Turawa kafin zuwan Nasara. Sunan unguwar Alfindiki kuma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Alkama ba ta yi da damina a wannan ƙasa, sai da rani a fadama, ana ba ta ruwa da jigo, don haka ta yi tsada, ta zama abincin attajirai da na buki. Amma da ya ke akwai baƙi masu kuɗi waɗanda ba su saba da tuwo ba, sai aka sami masu yi musu gurasa don sayarwa. Sana'ar ta zauna, ta fita daga gidajen Larabawa ta shiga na Kanawa, har aka san wani wuri a birni da sunan Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Hatta abincin talaka bai rabu da fatauci ba. Kantu da beza daga Bilma raƙuma ke ɗauko su, su biyo ta Azbin da Damagaram. Mangul da kanwa kuwa daga Manga da bakin Tafkin Cadi a ke kawo su. Ba a yin ɗanwake ko kunun kanwa sai da kanwa, ba a kaɗa miya sai da gishiri. Saboda haka ɗan dakon da ya tsuguna gaban mai ɗanwake yana cikin masu biyan ladan raƙumi da jaki, ko da bai sani ba.

Wuri da haraji

Sayad da abinci kaɗan kaɗan ba ya tafiya daidai sai da ƙaramin kuɗi. Mai turkuɗi ya iya musaya da mai gishiri, amma mai waina ba ta da yadda za ta karɓi zane a kan waina biyu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Shi wuri daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya a ke kwaso shi, amfaninsa ga talaka kuwa ƙanƙantar darajarsa, gama babu abin da ya yi ƙanƙanta har a kasa yanka masa kuɗi da shi.

Amma kuɗin da ya sauƙaƙa ciniki shi ne kuma ya sauƙaƙa karɓar haraji. Sharefa ɗin nan shi Tarihin ya ce ya ƙago hanyoyi 7 na tara dukiya, ya kira su duka zalunci, ɗaya daga cikinsu ita ce jiziyar Kasuwar Kurmi. Ɗansa Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya tsananta ta har kasuwar ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Tarihin bai ambaci masu abinci a nan ba, amma hankali ya isa ya nuna halin da suka shiga. Attajiri ya iya ɓoye hajarsa a ɗaki ya jira zamani ya gyaru, dafaffen abinci kuwa ba ya kwana, in baƙi suka tashi mai tukuba da mai tanda su ke fara kashe wuta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, inda ya lasafta al'adun sarakunan Hausa waɗanda ya ke ƙi, ya ambaci tawasa, watau naman da mai kula da kasuwa ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, da agama, watau abin da a ke ɗiba daga auduga da sauran kayan sayarwa. Wannan ya nuna kukan mahauta da ƙananan 'yan kasuwa yana cikin abin da masu jihadi suka ji.

Abin da baƙo ya gani a 1824

Bayani mafi faɗi na farkon ƙarni na 19 ya fito daga Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi. Ya iso Kano daga Barno cikin watan Janairu na 1824, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya kimanta mutanen birni tsakanin 30,000 da 40,000. Ya tarad da kasuwar bisa wani tudu da ya raba fadamar Jakara biyu, tana ci tun fitowar rana har faɗuwarta, kowace rana har Jumma'a. Sarkin kasuwa ke ba da hayar rumfuna wata wata, kuɗin su shiga taskar Sarki, shi ke yanka farashi, yana kuma karɓar wuri 50 a cikin cinikin 8,000. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne amanar dillalai, gama ana rubuta sunan dillali cikin ƙunshin tufa, in an kai ta Barno aka buɗe aka ga aibi sai a komo da ita, a mayar wa mai saye kuɗinsa.

Da ya zo wajen abinci sai ya lasafta iri uku da a ke yi da alkama. Na ɗaya faffaɗa ne mai taushi, na biyu murɗaɗɗe, na uku ƙanana masu kumburi waɗanda a ke zuba wa zuma da narkakken man shanu. Bai ba da sunayensu na Hausa ba, amma wanda ya san abincin birni zai yi zaton gurasa da alkaki da finkaso ya gani. Ya kuma ambaci 'yan ƙananan toye-toye na shinkafa, waɗanda da wuya su zama wani abu in ba waina ba. Ya ce ana yanka shanu da tumaki kullum, raƙumi kuwa jifa jifa, Larabawa ke sonsa. Bai ɓoye wayon mahauta ba: su kan tsaga nama don kitse ya bayyana, su kan hura shi ya kumbura, wani lokaci har su manna gashin tunkiya a cinyar akuya. Malamai sun san wannan dabara tun da daɗewa, gama Muhtasar na Halilu, wanda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da shi, ya sa hura nama a cikin misalan algus.

Kusa da mahauta ya ga wuraren cin abinci a sarari, babu rumfa. Wuta ce a ke hurawa da itace, a kewaye ta da tsinkaye, kowane tsinke an jera masa 'yan yankan tsoka da kitse bi da bi. Wannan ita ce tukubar tsire, ba ta sake ba har yau. Amma akwai abu guda da ya sake. Wadda Clapperton ya gani tana raba naman mace ce, da faifai bisa cinyarta, masu ci suna tsugune kewaye da ita, alhali a yau tsire sana'ar maza ce. Ya yaba tsabtar wurin. Ya ce a gefe ana sayad da abin sha na niƙaƙƙen gero, watau fura ko wata 'yar'uwarta, kuɗin da a ke biya kuma ba ya wuce wuri 20. A lokacin nan liyarin azurfa guda wuri 2,000 ne. Shi da kansa ya sayi laimar Ingila a kasuwar a kan liyari 3, watau wuri 6,000, abin da zai biya wa mutum 300 irin wancan kuɗi. Daga nan a ga nisan da ke tsakanin rumfar attajiri da tukubar mai tsire, ko da ya ke 'yan taki kaɗan ne suka raba su.

Masu ci

Clapperton ya ƙara da wata magana wadda ita ce mabuɗin al'amarin duka. Ya ce masu gida a birni a gidajensu su ke ci, mata kuwa ba su zuwa waɗannan wurare ko kaɗan. Wannan ya dace da abin da aka sani na al'ada da na shari'a. Ga Bahaushe abin kunya ne magidanci ya zauna a bainar jama'a yana tauna, littattafan fiƙihu kuma sun sa cin abinci a kasuwa, ga wanda ba ɗan kasuwa ba ne, a cikin abubuwan da ke rage mutunci har su taɓa karɓar shaidar mutum. To, in masu gida ba su ci a kasuwa, su wa ke ci? Sai marasa gida a birni: yaran fatake, da masu kora jakuna, da Buzayen ayari, da 'yan alaro, da mutanen ƙauye da suka kawo hatsi ko itace ko auduga, da 'yan cin rani, da almajirai, da maniyyata masu bin hanyar gabas.

Yawan waɗannan mutane Dokta Heinrich Barth ne ya ba da kimarsa. Shi Bajamushe ne, an san shi da sunan Abdulkarimu, ya shigo Kano cikin Fabrairu na 1851, a zamanin Sarki Usmanu. Ya ce mazauna birni sun kai 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayarori ke sauka, jama'a kan kai 60,000. Watau kusan wata huɗu a shekara birnin yana ciyad da baƙi kamar yawan mutanensa. Babban falke ya kan sauka gidan fatoma, a kawo masa akushi daga cikin gida, amma da rana kowa yana kasuwa, ƙananan mutanen ayari kuwa sun fi ƙarfin tukunyar fatoma. Barth ya kuma ce iyali guda sun iya zama cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da tufafinsu, watau kamar wuri 140 zuwa 165 a rana. Wannan araha ta abinci, wadda ta samu daga albarkar ƙasar Kano da yawan manomanta, tana cikin dalilan da suka sa falke ya iya zama wata da watanni yana jiran farashi ya yi masa daidai.

Bayan abincin da a ke ci nan take akwai kuma na guzuri. Tafiya zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, ko zuwa Tarabulus ta Agadas da Gat da Gadamas, tafiyar watanni ce, madugu kuwa ba ya ta da ayari sai kowa ya cika burgaminsa da abin da ba ya lalacewa. Kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli da garin gero da dabino da cuku duk irin wannan abinci ne. Shanya nama siriri a rana, a shafe shi da labu, sa'an nan a nuna masa wuta, dabara ce ta matafiya tun kafin ta zama abin tsaraba.

Masu dafawa

Sarauta ba ta bar wannan ciniki sakaka ba. Sarkin Fawa ke shugabantar mahauta, Korama, wadda mace ce, ke kan masu awon hatsi, Alƙalin Kasuwa kuma ke raba gardama. Sunayen sarautun nan sun wanzu, amma sunayen waɗanda suka yi daka da niƙa da tuya ba wanda ya rubuta su. A ƙarni na 19 da yawa daga cikinsu bayi ne. Wasu iyayengijinsu ke aiko su da kaya, wasu kuwa suna kan murgu, watau bawa ya nemi na kansa ya riƙa biyan ubangijinsa wani yankakken kuɗi. Ga baiwar da ke kan murgu, tanda da tukunya su ne jari mafi sauƙi, ta nan kuma wasu suka tara abin fansar kansu. Kasuwar bayi tana cikin Kurmi ɗin nan, saboda haka wadda ke tuya ta iya ɗaga kai ta hangi inda aka sayad da ita.

Abin lura ne Tarihin Kano ya jingina kasuwa da kulle ga sarki ɗaya. Da fari kulle na gidan sarauta ne da na malamai da attajirai. Bayan da Turawa suka yi doka cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, sa'an nan aka soke bauta gaba ɗaya a 1936, kulle ya bazu cikin talakawa. M. G. Smith ya lura a ƙasar Zazzau matan da suka sami 'yanci sun janye daga aikin gona da ɗebo itace, don waɗannan ayyuka alamar bauta ne. Matar aure ta bar fitowa, amma ba ta bar sana'a ba. Tana tuya a tsakar gida, yarinya ta ɗauki tire ta kai kasuwa, ta komo da kuɗi da cefane da labarin farashi. Polly Hill ta bayyana irin wannan ciniki na cikin gidaje a 1969, daga bincikenta a Batagarawa ta ƙasar Katsina, Enid Schildkrout kuma ta bi aikin yara masu talla a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Dukansu sun nuna ribar talla ita ke sayen kayan ɗakin yarinya. Malamin da ke kukan talla ta hana 'yan mata zuwa makaranta, musamman tun daga shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976, ya kamata ya san yarinyar nan ita ce ƙafar uwarta, in an ɗauke ta ba a ba uwar wata hanyar kai kaya kasuwa ba, an rufe mata sana'a ke nan.

Bayan 1903

Sojan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, aka rufe kasuwar bayi. Amma abin da ya fi taɓa Kurmi shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso a 1911, aka buɗe shi don ɗaukar kaya a 1912. Tashar tana bayan ganuwa ta gabas, kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu kusa da ita, Fagge ta cika, aka yanka Sabon Gari. Ayarin Tarabulus ya mutu. Goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgi. Manyan fataken goro, irin su Alhasan Ɗantata, suka juya ga sayen gyaɗa. Baƙon da a da zai sauka cikin birni ya ci a gindin tukubar Kurmi, yanzu a tasha ya ke sauka, masu abinci kuwa baƙo su ke bi duk inda ya nufa.

Shekarun farko sun zo da wahala. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar 1914, wadda a wurare da dama a ke kira Kakalaba, mutanen arewa suka kwararo Kano neman abin ci, hatsi ya gagari talaka. Wuri kuma ya yi ta ja da baya, har Turawa suka ga tilas su buga anini, ɗaya bisa goma na kwabo, domin kwabo ya yi wa cinikin ƙosai da fura girma. Daga baya jirgi da mota suka kawo sababbin abinci: burodi da teburin mai shayi, da garin kwaki daga kudu, da manja mai yawa. Noman gyaɗa ya sa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka yi araha, tsire ya tsaya a kan siffar da aka san shi da ita yanzu. Awara ta waken suya da taliyar leda kuwa na baya bayan nan ne ƙwarai. A cikin wannan zamani ne kuma tukuba ta yi tata tafiya. Mahautan Hausa sun bi hanyar shanu da ta goro zuwa Ikko da Badun da Kumasi da Kamaru, inda a ke kiran naman suya ko soya, sun kuma bi hanyar hajji zuwa Sudan, inda har yau a ke kiransa agashe.

Kasuwar a yau

Wanda ya ziyarci Kurmi a yau zai tarad da lunguna matsattsu, da rumfunan dukawa, da masu kayan doki, da masu littattafan addini, da 'yan koli, da masu turare da kayan yaji da magungunan gargajiya. Manyan hajoji sun watsu zuwa wasu kasuwanni: atamfa a Kantin Kwari, hatsi a Dawanau, kayan masarufi a Singa, kayan gwari a 'Yan Kaba, yanka kuwa a Abbatuwa. An gine Jakara da siminti. Duk da haka mai gurasa da mai fura da mai tsire da yarinya mai ɗanwake ba su bar wurin ba, masu cinikinsu kuma har yanzu galibi waɗanda gida ya yi wa nisa ne. Kunyar cin abinci a waje ta ragu, gama birni ya faɗaɗa, ɗan kasuwar da ke kwana a unguwa mai nisa ba shi da halin komawa gida da azahar, sai ya aika a sayo masa ya ci daga cikin rumfa.

Tarihin sarakuna da na attajirai yana cikin littattafai, na masu abinci kuwa a warwatse ya ke, sai an tattara shi. Shaidunsa iri uku ne. Na ɗaya kalmomi, kamar yadda aka gani a kan gurasa da alkubus da masara. Na biyu kayan aiki, watau tanderu da tanda da tukuba da mudu da ludayi, waɗanda ƙarfe da roba ke maye gurbinsu. Na uku tsofaffin masu sana'a, waɗanda suka san daga wa suka gaji aikin, da inda kakanninsu suka fito, da yadda a ke yi kafin zuwan injin niƙa. Shaida ta uku ita ce mai saurin ɓacewa, gama kowace shekara ana rasa wasu. Malamin kwalejin horon malamai da ya kai ɗalibansa Kurmi ya kyautu ya raba su ƙungiya ƙungiya, kowace ta ɗauki abinci guda, ta tambayi kayan haɗinsa da inda kowane ke fitowa, da unguwar da a ke yinsa, da wanda ya koya wa mai yi, a rubuta da sunayen Hausa yadda masu sana'ar ke faɗinsu. Wajen matan da ke cikin gida sai a aika ɗalibai mata, da iznin masu gida. In an yi haka a Kano, sa'an nan aka yi a Katsina da Zariya da Damagaram, za a sami abin gwadawa da abin da Clapperton ya gani a 1824, a san abin da ya tsaya da abin da ya sake.